Nomau da Gidan Kifin Saude

A Tudun Faru, ƙauyen da rijiyarsa take cinye igiya kafin guga ya taɓa ruwa, an yi wani gida mai mutum uku. Akwai Inna Ige, tsohuwa mai zafin baki da sanyin zuciya, akwai ɗanta Nomau, sai matarsa Saude. Nomau manomi ne na kirki. Ba ya ƙarya, ba ya zagi, jakinsa ma bai san zafin sanda ba. Abu guda ne da shi: duk maganar da aka faɗa masa, yadda ta fito haka yake ɗaukarta, ba ya rage mata, ba ya ƙara mata. Mutanen gari suna ce masa dolo. Inna Ige ma takan ce masa haka, amma idan wani ya faɗa a gabanta sai ta nemi muciya.

Saude 'yar masunta ce daga can bakin kogin Kwara, kuma ita ta zaɓe shi da kanta. Ya kai albasa kasuwar garinsu, ita kuma tana tallar banda. Ta miƙa masa farantin kifinta ta ce ya riƙe mata, kada ya motsa, yanzu za ta dawo. Ta je raka gwaggonta bakin ruwa, hira ta yi daɗi, kwalekwale ya tashi da ita har tsallake. Sai bayan la'asar ta dawo. Kasuwa ta watse, awaki sun yi wa buhun albasarsa rami, shi kuwa yana tsaye daidai inda ta bar shi, faranti a hannu, ƙudaje suna kewaya shi. Da ta koma gida ta ce wa mahaifiyarta samari da yawa sun faɗa mata magana mai daɗi, amma yau ta ga wanda ya ji tata.

Mahaifinta ya san babu kogi a Tudun Faru, ya kuma san 'yarsa. Saboda haka a cikin kayan ɗakinta, tsakanin gado da kwalla da jerin kwanuka, ya sa wani akwatin gilashi da ya sayo daga birni. Ya zuba masa tsakuwar kogi, ya saki 'yan ƙananan karfasa uku a ciki. Matan gari suka yi ta tururuwar kallo, suka raɗa masa suna gidan kifi. Duk ranar da kewar gida ta kama Saude, sai ta jawo tabarma gabansa, ta kusanta fuskarta da gilashin, ta yi ta kallo har zuciyarta ta kwanta. Nomau bai fahimci abubuwa da yawa a duniya ba, amma ya fahimci wannan. A ransa ya yanke cewa kifin nan uku su ne suke riƙe masa matarsa a garin da ba ruwa.

Da cikinta na fari ya tsufa, aka zo aka tafi da ita gidan iyayenta goyon ciki, kamar yadda aka saba. Tana shiga mota ta leƙo ta taga ta ce masa dusa kaɗan ake ba su da safe, kuma tana so ta dawo ta same su.

Wata rana Inna Ige ta leƙa ɗakin Saude ta ga ƙura ta fara kwanciya. Ta miƙa wa Nomau tsintsiya ta ce shara ba ta tsakiyar ɗaki kaɗai ba ce, ya ɗaga komai ya share ƙarƙashinsa. Nomau ya ɗaga gado ya share. Ya ɗaga kwalla ya share. Ya zo kan gidan kifi, ya rungume shi da ruwansa da tsakuwarsa da kifinsa, ya yunƙura. Ya ɗaga shi kuwa, don ƙarfi kam Allah ya ba shi, sai dai hannun da zai riƙe tsintsiya ne babu. Yana juyawa yana neman dabara, kusurwar akwatin ta daki bango. Wata siririyar tsaga ta tashi daga ƙasa ta yi sama kamar gashi, ruwa ya fara ɗiga. Inna ta shigo ta dafe ƙirji ta ce ya tare ruwan nan kada ya ƙare, ta fita neman shawara gidan maƙwabta. Can ta tarar ana rabon goron biki, zance ya ɗauke ta. Da azahar ta dawo ta same shi durƙushe, ya manna tafin hannu a kan tsagar, ya tara bakinsa a ƙasa inda sauran ɗigon yake sauka, cikinsa ya yi tulu.

Wata rana, washegarin wannan ke nan, ruwan ya ragu har bayan kifin ya fara fitowa. Inna ta ce ba a haka za su rayu ba, ya kwashe su ya sa su inda ruwa ya fi sanyi da tsabta a gidan nan. Nomau ya yi tunani, ya ga ai wuri guda ne. Ya juye su da sauran ruwansu cikin babbar randar Inna da take gindin darbejiya, ya mayar da faifai ya rufe. Da hantsi ƙanin Inna, Kawu Labbo, ya shigo daga gona maƙogwaro a bushe. Ya buɗe randa, ya cika moɗa, ya yi bisimilla, ya kai baki. Sai wani abu ya mare shi a hanci da wutsiya. Kawu ya jefar da moɗar ya ja da baya yana karanto duk addu'ar da ya sani, Nomau kuwa ya yi tsalle ya cafe kifin tun bai kai ƙasa ba.

"Kawu, a hankali, na Saude ne."

"Ni fa? Ni na waye?"

Inna ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Da ta gama, ta leƙa randar ta ga yadda kifin suke kewaya hankalinsu kwance, sai ta yi ajiyar zuciya ta ce a bar su, ita ta koma shan ruwan tulu.

Wata rana Nomau ya tambayi Kawu Labbo yadda ake gyaran abin da ya tsage. Kawu, da har lokacin hancinsa yake ji masa ƙarni, ya ce shi dai abin da ya sani, idan rumbu ya tsage yaɓe ake yi masa, ciki da waje, kada a bar ko kafa. Nomau ya haƙo jar ƙasa, ya cuɗa ta da ramno da kashin jaki, ya bar ta ta kwana biyu ta yi danƙo. Ya yaɓe gidan kifin ciki da waje, ya shafe shi sumul, har da zanen yatsa a gefe don ado. Da ya bushe ya kira Inna ta gani. Inna ta kewaya shi ta tambaye shi ta ina Saude za ta riƙa ganin kifin. Ya ce Kawu bai ambaci taga ba. Duk da haka ya zuba ruwa don gwaji. Kafin ya ajiye bokiti yaɓen ya narke, jan kunu ya malalo ta tsakar gida, kajin Inna suka bi ta ciki suka fito kamar an sa musu lalle.

Wata rana Saude ta kira a wayar Kawu Labbo. Kafin a miƙa wa Nomau, Inna ta ja kunnensa: mace mai tsohon ciki ba a faɗa mata abin da zai tayar mata da hankali. Nomau ya karɓi wayar. Saude ta gaishe shi, ya amsa. Ta tambayi Inna, ya ce lafiya. Ta tambayi jaki, ya ce lafiya. Ta tambayi gidan kifi, sai ya yi shiru. Ƙarya ba ta cikin bakinsa, gaskiya kuma an hana shi, saboda haka ya tsaya da waya a kunne yana numfashi. Da wata matar ce, da ta ce wayar ce ta yanke. Saude ta san shirun mijinta.

"Maigida, suna raye?"

"Suna raye."

"Gilashin ne?"

Ya sake yin shiru. Ya ji ta yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda takan yi idan ya kawo mata gawasa a aljihu ta dame.

"Ranar kasuwa ka je wurin mai yankan gilashi. Abin da ya ce ka yi, shi za ka yi. Ka riƙe min su da rai, ka ji?"

Ya gyaɗa kai. Kawu Labbo ya ce masa ba a ganin gyaɗa kai a waya, sai ya sake gyaɗawa da ƙarfi.

Wata rana, ranar kasuwar gundumar, Nomau ya wanke akwatin, ya naɗe shi da bargon Inna, ya ɗaure a bayan jaki. Mai gilashin, Malam Hashimu, mutum ne mai haƙuri. Ya duba tsagar da kyau ya ce za ta gyaru. Ya yanko wani gilashi mai faɗin tafin hannu da tsawon tsagar, ya ba shi gam ɗin da ake kira silikon, wanda ba ya cutar da kifi. Ya nuna masa da hannu yadda zai shafa gam ɗin a kan tsagar, ya manna sabon gilashin daga ciki, ya bi gefensa da yatsa. Ya ce amma kafin nan sai akwatin ya bushe ƙayau, kuma har gam ya kama, ko ɗigon ruwa kada ya kusance shi. Nomau ya dawo gida ya kafa doka. Ya kwashe butoci ya kai zaure. Ya hana Inna wanke-wanke a tsakar gida. Kawu Labbo ya zo zai yi magana kusa da akwatin, ya roƙe shi ya juya baya, don yana da yawu. Da ya ga ba zai iya raba gidan da ruwa ba saboda randa, sai ya ɗauki akwatin ya hau da shi cikin rumbun gero. Lokacin bazara ne, rumbu kamar tanda. Gumi ya fara tsattsafo masa, ya tuna gumi ma ruwa ne, ya naɗe kansa da fuskarsa da zanen Inna, ido kawai ya bari. A haka ya yi aikin. Kuma ya yi shi da kyau, don abin da aka nuna wa Nomau da hannu bai taɓa kuskure shi ba. Maƙwabciyar da ta ga wata halitta mai zane a ka tana fitowa daga rumbu da tsakar rana, ita ce dai ta daɗe ba ta sake shigowa aron wuta ba.

Wata rana Nomau ya tuna Malam Hashimu ya ce idan gam ya ragu kada ya bar shi ya bushe a banza, duk abin da ya tsage a gida ya shafa masa. Ya shafa wa ƙwaryar fura. Ya shafa wa turmi. Ya shafa wa bangon zaure. Saura kaɗan a ciki, ya kewaya gida yana neman wani abin, sai ya tarar da Inna tana barcin rana a inuwa, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, faso ya tsattsaga mata diddige. Ya durƙusa a hankali don kada ya tashe ta, ya cike kowace tsaga, ya bi da yatsa kamar yadda aka koya masa. Da aka kira la'asar Inna ta miƙe, tabarma ta miƙe tare da ita. Ta yi taku biyu, tabarma tana binta tana shara. Abin da ta faɗa a ranar ba na rubutawa ba ne. Nomau ya tsaya daga nesa ya ce mata dai kada ta bari ruwa ya taɓa wurin sai ya kama.

Ana cikin haka labari ya zo cewa Saude ta sauka lafiya, an samu 'ya mace. Nomau ya je suna, ya ga 'yarsa, ya ga matarsa daga bakin ƙofa cikin taron mata. Ta ɗago ido ta dube shi, ya ɗaga mata yatsa uku. Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Wata rana, bayan dawowarsa, ya koma wurin Malam Hashimu ya ce gam ya kama. Malam ya ce saura gwaji. Ya cika akwatin da ruwa, ya yi alama a inda ruwan ya tsaya, ya bar shi ya kwana. Kada ya sa kifi sai ya tabbata ruwan bai ragu ba. Nomau ya cika shi a tsakar gida, ya ja layi da gawayi. Washegari ya duba, ruwan ya sauka kamar kaurin farce. Ya shafa ƙasa, a bushe. Ya shafa gefe, a bushe. Ya ƙara ruwa ya koma kan layi. Washegari ya sake sauka. Inna ta ce masa rana ce take sha, ko tulunta ma raguwa yake. Kawu Labbo ya rantse masa akwatin nan ya fi sabo lafiya. Nomau ya ce Malam Hashimu bai ce ban da rana ba. Haka aka yi ta yi, kullum ya cika, kullum ya ragu, gidan kifi yana sheƙi a rana ba kowa a ciki, kifi suna cikin randa.

Sai babbar cikinsu ta daina cin abinci. Ya zuba dusa, biyun suka taso suka cinye, ita ta maƙale a ƙasa can gefe. Ya duba da kyau ya ga haɓarta ta kumbura, bakinta a rufe. Ya kawo mata gara, ta ƙi. Ya kawo mata tsutsa, ta juya baya. Inna ta ce duhun randa ne ya ishe ta, ya mayar da ita gidanta tun ba ta mutu masa a nan ba. Kawu Labbo har da kawo matatar koko ya ce shi zai kamo ta da kansa. Nomau ya zauna a kan faifan randar ya ƙi tashi. Ba don ya fi su sani ba. Shi ma gani yake mutuwa za ta yi, abinci ya daina wuce masa, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Amma Saude ta ce abin da mai gilashi ya ce shi zai yi, mai gilashi kuma ya ce sai ruwan bai ragu ba. Kowace safiya yakan je wurin layin gawayin yana addu'a, kowace safiya ya tarar da ruwa a ƙasa da shi.

Wata rana mota ta tsaya a ƙofar gida. Saude ta gama arba'in, an dawo da ita, ta yi fari ta yi kyau, jaririya a baya. Mata suka cika gida ana barka. Tana shigowa idonta ya faɗa kan akwatin, cike da ruwa garau, ba kifi ko ɗaya. Ta tsaya cak. Inna ta fara zayyana mata: taurin kai, rumbu, tabarma, da kifin da yake mutuwa a randa saboda layin gawayi. Nomau yana tsaye gefe yana murza bakin rigarsa.

Saude ta kwance goyo ta miƙa wa Inna. Ta je gindin darbejiya, ta ɗaga faifan a hankali, ta leƙa. Ta daɗe a sunkuye har gida ya yi tsit. Sannan ba ta ɗago ba ta miƙa hannu baya ta yafito shi.

"Zo ka gani. Kada inuwarka ta faɗa ciki."

Ya zo ya raɓa ta gefe. Da farko duhu kawai ya gani. Can ya ga babbar ta buɗe baki, wani abu kamar hayaƙi ya fito ya bazu a ruwa. 'Ya'yan kifi ne, ƙanana kamar tsakin gero, ba su ƙirguwa. Ganyen darbejiya ya faɗo kan ruwan, nan take suka ruga suka koma cikin bakin uwarsu, ta rufe.

Saude ta ce wa matan da suka matso, karfasa a baki take renon ƙwanta, shi ya sa ba ta cin komai sai sun yi wayo. Da an sa mata matata an ciro ta, da tsoro ya sa ta tofar da su tun suna ƙwai, ko ɗaya ba zai rayu ba. Ta ce duk zamansu a gilashi ba su taɓa yin ƙwai ba, mata suna ta ƙwanƙwasa musu bango, sai da suka samu duhu da wanda ya hana a taɓa su. Kawu Labbo ya ɓoye matatar kokon a bayansa. Inna ta gyara riƙon jikarta ta ce ai ita dama ta san ɗanta ba ya abu a banza.

Nomau bai ji wannan ba. Yana duban matarsa ne.

"Ruwan har yanzu raguwa yake," in ji shi, muryarsa ƙasa.

"Rana ce take sha, Maigida. Gyaranka ya yi."

"To," ya ce. Ya yarda nan take, abin da ya sa Inna ta harari sama.

Ya tambaya ko yanzu ya mayar da su. Saude ta mayar da faifan ta ce a'a, a bar ta, ita ma jego take yi, sai ta gama. Nomau ya juya maganar a ransa. Sannan ya juya ya nufi madafa da sauri, ya fara tattara itace. Inna ta tambaye shi me zai yi da wuta yanzu. Ya ce mai jego ai da tafasasshen ruwa take wanka.

Saude ta riga shi isa bakin murhu. Ta kama hannun rigarsa a gaban kowa, abin da ba ta taɓa yi ba, tana dariya har da hawaye. Ta jawo shi inuwa ta zaunar da shi, ta karɓi jaririyar daga hannun Inna ta ɗora masa a cinya.

"Riƙe wannan," ta ce. "Wannan kaɗai. Sauran ka bar min."